Riƙon Ummita

Ku gyara zama, ku ajiye surutun nan haka. Abin da na kawo muku yau ba na dariya ba ne, shari'a ce, kuma ku ne alƙalanta. Wanda ya san ba zai iya haƙuri a kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci ba, gara ya tashi tun yanzu.

A wani gari da ake kira Tudun Kanya an yi wata yarinya mai suna Shafa'atu, wadda ba ta san uwarta ba. Abin da aka faɗa mata tun tana ƙarama shi ne, uwar tata Zulai ta je jan ruwa kwana goma sha tara da haihuwarta, santsi ya kwashe ta, ta faɗa rijiya. Shafa'atu ta tashi da wannan labari ba ta taɓa juya shi ta duba bayansa ba. Da ta duba, da ta tambayi kanta abin da ku ma ya kamata ku tambaya: a wane gida ne mai ɗanyen jego take ɗaukar guga? A hannun kakarta ta wajen uba ta girma. Dangin uwa kuwa suna can ƙauyen Kwarin Gawo, sai salla-salla ake gaisawa.

Da ta isa aure, wani direban motar albasa mai suna Tasi'u ya gani ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Iyayensa suka tura a yi bincike kamar yadda aka saba, ko akwai sata a dangi, ko kuturta, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali. Masu bincike suka je Kwarin Gawo, aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama musu fura, suka sha suka ƙoshi, suka dawo suka ce dangi fes, babu abin kushewa. Aka ɗaura aure. Shekara ba ta zagayo ba kakar da ta rene ta ta rasu, mahaifinta ya bi bayanta, a lokacin Shafa'atu tana ɗauke da cikin fari wata shida.

Mata uku ne a cikin wannan magana, ku riƙe sunayensu. Akwai Inna Tabawa, ƙanwar marigayiya Zulai, tana zaune a Kwarin Gawo. Akwai Kubura, yayar Tasi'u, nas ce a asibitin garin, mace mai kaifin kai da kaifin harshe, shekara goma sha biyu da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai Lantana, maƙwabciya, mai injin markaɗe, wadda bango ɗaya ne ya raba injinta da gadon Shafa'atu.

Da ciki ya tsufa, Inna Tabawa ta aiko a kawo mata yarinya ta haihu a gabanta, ta yi wankan gida. Kubura ta ce sam, ba za a kai haihuwar fari ƙauyen da ko mai awon ciki babu ba. Kuma ta yi gaskiya, domin kwana biyu Shafa'atu ta yi tana naƙuda, ta zubar da jini mai yawa, da a ƙauye ne da wani labarin ake yi. Aka samu 'ya mace, aka mayar mata da sunan Zulai, ana kiranta Ummita. Sai dai da aka sallamo su, Kubura ta koma bakin aikinta, ta bar mai jego a ɗakin haya da wata tsohuwa mai zuwa yi mata wanka da asuba ta tafi. Jaririya ta hana ta barcin dare, inji ya hana ta na rana, tun daga fitowar rana har magariba yana girgiza bango. Ga 'yan barka, wannan na fita wannan na shiga.

Ranar suna kowa ya yaba. Mai jego sai fara'a, sai zance ba ƙaƙƙautawa, ta ninke kayan jaririya ta warware ta sake ninkewa, ta ɗauki turamen da aka kawo mata tana rarraba wa mutane. Mata suka ce jego ya karɓe ta. Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba. Inna Tabawa ta dubi ƙyallin idon Shafa'atu sau ɗaya, ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta ce ta bar shanya a gida, ta kama hanya tun kafin la'asar. Kashegari Tasi'u ma ya ɗauki lodi ya nufi kudu.

Shafa'atu ita kanta ba ta san ranar da abin ya fara ba. Ta dai san wata rana da hantsi tana kwance, sai ta ji ƙugin injin ya zama magana. Sunanta yake kira, a fili, kamar mutum a bayan bango. Ya ce mata wannan jaririya ba tata ba ce, an musanya ta a asibiti, tata tana can ƙarƙashin ruwa a wurin Zulai, tana kuka. Ba ta ji kamar mafarki ba, ta ji shi daidai yadda kuke jin muryata yanzu. Ta ture Ummita gefe, ta hana ta nono. Da Kubura ta leƙo a gurguje aka faɗa mata, sai ta ce shagwaɓar haihuwar fari ce, ta yi mata faɗa ta wuce. Da Shafa'atu ta fara ihu tana cewa injin Lantana yana kiranta, sai unguwa ta samu abin da take nema, aka ce Lantana mayya ce ta kama kurwar mai jego. Surukinta kuwa, Baba Nadabo, mahaifin su Tasi'u, ya ce iska ce, ya sa ranar Alhamis a kai ta gidan wani mutum a bayan dutse, wanda ke sa wa masu irin wannan lalura mari yana yi musu hayaƙi.

To, ga abin da Inna Tabawa ta yi.

Ta koma gida ta kwana huɗu tana juya abin a ranta. Ta san idon nan. Ta gan shi a fuskar mahaifiyarsu bayan haihuwar auta, har aka kulle ta a ɗakin baya shekara guda ana ce wa mutane ta tafi ganin dangi. Ta gan shi a fuskar Zulai, wadda ba santsi ne ya kwashe ta ba. Ta gan shi a wurin ƙanensu Ilu, wanda yake lafiya lau har ya tafi haƙar zinariya ya koyi shan wiwi, ya dawo yana zance shi kaɗai. Ita kuwa ta haifi bakwai ko ciwon kai ba ta yi ba, haka sauran 'yan'uwanta mata. Ranar da aka binne Zulai mahaifinsu ya tara su ya rantsar da su cewa maganar ba za ta fita daga gidan ba, domin gidan da aka ce akwai hauka a jininsa ba a neman aure a cikinsa. Ita ce da hannunta ta dama wa masu bincike fura. Ga shi tana da 'yan mata biyu a gabanta, babbar, Hansai, har an sa mata rana.

A rana ta biyar ta shiga motar kasuwa. Tana shiga gidan, ko zama ba ta yi ba ta ce, “Ina rijiyar gidan nan?” Ta sa aka ɗauko tsohon ƙyaure aka rufe bakin rijiyar, aka ɗaura sarƙa aka danna kwaɗo. Sannan ta durƙusa a gaban Baba Nadabo, ga Kubura, ga matan gida, ta ce, “Baba, ku bar baiwar Allah mai inji, ba ta ci kowa ba. Abin nan namu ne. Mun ɓoye muku.” Ta kwashe labari kaf ta faɗa, ba ta rage komai ba.

Kashegari da azahar, kowa ya shiga salla, aka nemi Shafa'atu aka rasa. A bakin rijiya aka same ta, tana ta fama da ƙyauren har faratanta sun fashe suna jini. Labarin abin da Tabawa ta faɗa ya riga ta isa Kwarin Gawo. Kafin mako ya cika dangin saurayin Hansai suka aiko a ba su kayansu. 'Yan'uwan Tabawa maza suka daina shiga gidanta. Ta yi kaffarar rantsuwarta, ta zauna tana jin kukan 'yarta ta cikin ɗaki.

Ga kuma abin da Kubura ta yi.

Tana jin bayanin Tabawa ta dafe kai, domin ta karanta wannan ciwo a makaranta, ta gan shi da idonta ta kira shi shagwaɓa. Kunya ta kama ta, kuma ita irin mutanen nan ne da kunya ke mayarwa masu zafin nama. Ta kira Tasi'u a waya yana bakin hanya, ta karɓi izininsa. Ranar Alhamis da safe mota ta zo ɗaukar Shafa'atu zuwa bayan dutse, sai aka tarar da Kubura tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ginshiƙi da hannu biyu.

Baba Nadabo ya ce, “Ke, ba ni hanya.”

Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Addu'a a yi ta yi, ni ma zan yi. Amma ƙafar yarinyar nan ba za ta shiga mari ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani.”

Ya ce, “Ni na haife ki, yau ni kike tare wa ƙofa a gaban mutane?”

Ta sunkuyar da kai hawaye na zuba, amma ba ta saki ginshiƙin ba. Tsoho ya kaɗa rigarsa ya tafi. Kubura ta sa Shafa'atu a cikin motar da ya kawo, ta ce wa direba ya juya ya nufi babban birni, asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Mako biyar suka yi a can, Kubura na kwana a tabarma a gefen gado. Shafa'atu ta zage ta, ta tofa mata magani a fuska, ta ce da ita aka haɗa baki aka sace mata 'ya. Kubura mai kaifin harshe ta haɗiye duka, ta share fuska ta sake miƙa ƙwaya. A hankali murya ta yi nisa, ta yi nisa, har ta ɗauke. Ranar sallama Shafa'atu ta tambayi likita abin da ke cin ta a rai, ta ce, “Likita, 'yata ma haka za ta yi?”

Likita ta ce mata, “Ba dole ba ne. Gado yana nan, ba zan ɓoye miki ba, amma ba shi kaɗai yake aiki ba. Kin ga tukunya mai tsaga a ɓoye? In tana gindin inuwa sai ta shekara ashirin tana riƙe ruwa, in an ɗora ta a wuta mai ƙarfi ne take buɗewa. Ke an ɗora ki a wuta: rasuwa biyu, naƙuda mai wuya, kaɗaici, ga kwana da kwanaki babu barci. Innarki jininku ɗaya, ta haifi bakwai lafiya. 'Yarki tana iya ƙare rayuwarta ba ta ga komai ba. Abin da take bukata shi ne a gaya mata gaskiya, a san alamun da wuri, kuma ta tashi a inda hankalinta yake kwance.”

Kubura ta ci gaba da zuwa karɓo magani duk wata, tana ƙirga ƙwayoyin da hannunta. Baba Nadabo kuwa shekara guda cur ya yi tana durƙusawa tana gaishe shi yana kallon bango.

Sai abin da Lantana ta yi.

Lokacin da Shafa'atu ta ƙi jaririya, kwana uku Ummita ta yi ana ɗiga mata ruwan sukari. Aka gwada madarar gwangwani, ta sa ta gudawa, maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma ƙasa-ƙasa. Lantana tana jin kukan ta bayan bango, a daidai lokacin da mata ke janye 'ya'yansu in ta wuce. Tana da goyon ɗa ɗan wata biyar. Ta yafa mayafi ta shiga gidan da ake kiranta mayya, ta ɗauki jaririyar ta zauna ta sa mata nono. Uwar mijinta ta yi ta faɗa, wai 'yar mahaukaciya za ta shafa wa jikanta ta bakin nono. Lantana ta ce, “Iya, yunwa ce dai nake gani a jikinta, ita kuwa na san maganinta.”

Da Kubura ta dawo da bayanin likita, ta ambaci rashin barci, Lantana ta gane aikin injinta ne. Ta tashi ta je ta cire bel ɗin injin ta rataye a ƙusa. Wata bakwai injin nan bai yi tari ba, alhali shi ne cinta, shi ne suturar 'ya'yanta shida. Masu markaɗe suka koma wani layi, da yawansu har yau ba su dawo ba.

Amma babban aikinta ba wannan ba ne. Shafa'atu ta dawo gida hankalinta garau, sai dai magani ya kori murya bai kori tsoro ba. Ta tuna duk abin da ta yi, ta ji labarin uwarta na gaskiya, ta tsani hannuwanta. Ko kallon Ummita ba ta iya yi, gani take in ta taɓa ta za ta cuce ta. Wasu har sun fara cewa a raba su kawai. Lantana ba ta yi mata wa'azi ba. Kullum da hantsi sai ta shigo da yarinyar a kafaɗa ta ce, “Shafa, riƙe min ita in ɗora tukunya,” ta dire mata a cinya ta fice kafin ta yi magana. Ranar farko ta dawo bayan minti biyu ta tarar da ita a sandare kamar an ɗora mata garwashi. Kullum tana ƙara jinkiri, tana laɓe a bayan ƙofa tana leƙe. In Shafa'atu ta kwanta barcin rana, Lantana ta kafa kujera a bakin zaure tana tsinke zogale, duk mai zuwa dubiyar gulma ta ce masa an gode, a dawo baɗi. Wata rana a wata na uku ta dawo daga ɗora tukunyar da babu ita, ta tarar da Shafa'atu tana shara, Ummita goye a bayanta tana barci.

Haka aka yi Shafa'atu ta warke. Ta yi ƙiba, ta koma kitso, har mabuɗin kwaɗon rijiya a hannunta yake, ita ke buɗewa ta ja ruwa ta rufe. Ummita ta kusa shekara biyu, lokacin yaye ya yi, sai ga Shafa'atu da wani cikin. Likita ta ce wannan karon za a shirya tun da wuri, amma dole a rage mata nauyi, ta samu barci. Dama kuma a al'adarsu 'yar fari ba ta zama a gaban uwa, a wurin yaye ake ba da ita riƙo, wadda ta yaye ta ita ke aurar da ita. Kakar da ya kamata ta karɓa, wato Zulai, tana kabari. Sai ga mata uku kowacce ta aiko tana so.

Tasi'u ya ce, “Ke kika sha wuyar, ke za ki zaɓa. Ni duk wadda kika ba na yarda.”

Shafa'atu ta rasa inda za ta sa kanta, domin ba ladan aiki kawai take rabawa ba. Tana kallon yarinya mai sunan uwarta tana wasa da murfin kwano, tana hango ranar da ita ma za ta kwanta jego da wannan jini a jikinta, kuma wadda ta riƙe ta ce za ta kasance a kanta ranar.

In ta ba Inna Tabawa, ta ba wadda ta san fuskar ciwon tun kafin ya yi magana, wadda ta sayar da auren 'yarta ta sayi ran 'yar yayarta, kuma ba za ta sake yin ƙarya a kansa ba. Ba don ita ba da rijiya a buɗe take ranar. Amma ita ce ta yi shiru shekara ashirin da biyu da kwana huɗu, kuma a Kwarin Gawo yanzu ko yaro ya san gidan da ake nunawa da baki, a cikin wannan nuni yarinyar za ta tashi.

In ta ba Kubura, ta ba gwaggon yarinyar ta jini, wadda ta san magani da ƙofar likita, wadda ta ɗauki fushin mahaifi a kanta, ga ta ba ɗa ba jika, ta riga ta sayi 'yar katifa ta ajiye. Ba don ita ba da Shafa'atu tana bayan dutse da mari a ƙafa. Amma ita ce ta bar ta ita kaɗai a ɗaki ta kira ciwonta shagwaɓa, yini take a wurin aiki, kuma Shafa'atu ta taɓa jin ta da kunnenta tana cewa da sun sani da ba a yi auren ba. Ko yanzu in Ummita ta yi rigima irin ta yara, sai Kubura ta tsura mata ido kamar mai duba majinyaci.

In ta ba Lantana, ta ba uwar da ta shayar, wadda ta kashe sana'arta, wadda ta mayar wa uwa da 'yarta da dabarar tukunya. Ba don ita ba da babu Ummitar da ake rigima a kanta. Amma injinta ne ya hana barci tun farko, kuma ya koma aiki ko da yake an mayar da shi can bakin titi. Ba dangin iya ba ce ba na baba, gidan haya take, gobe mijinta yana iya kwashe su su bar gari. Ba ta san sunan ƙwaya ko ɗaya ba, kuma har yau in an yi zancen gado sai ta ce a bar tsoratar da yarinya, ita ba za ta taɓa gaya mata ba.

Ranar Juma'a da hantsi Shafa'atu ta yi wa Ummita wanka, ta yi mata kitso, ta ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali ɗaya. Ta ɗauko ta ta fito tsakar gida. Ga Inna Tabawa a kan tabarma da ƙurar hanya a ƙafarta, ga Kubura da kayan aiki a jikinta ta nemi izinin awa guda, ga Lantana a tsaye a jikin bango tana goge hannu da zane. Ummita ta dube su ta yi dariya, domin duk ta san su. Shafa'atu ta tsaya da yarinya a hannu, ƙafarta ta ƙi gaba.

Ni a nan na tsaya, ban bi ta na ga inda ta nufa ba. To ku da kuka ji komai, kuka san abin da kowacce ta ɓata da abin da ta gyara, ku faɗa min: a cinyar wa ya kamata Shafa'atu ta ajiye Ummita?